Yadda Ɗakin Hajiya Ya Ƙi Ɗumi

Ni direban babbar mota ne. Shekara goma sha tara na yi tsakanin Kano da Ikko, na ɗauki gyaɗa, na ɗauki fata, da kuɗin fetur ya shigo gari kuma na koma ɗaukar siminti, don a shekarun nan na saba'in ko wanda ba shi da fili sayen siminti yake yi. Ban taɓa roƙon kowa ya kai ni London ba. Bayana ne ya lalace, sai Alhajin da nake yi wa tuƙi ya ce tunda ba na iya kwana biyu a kan sitiyari, in tafi in zauna masa a gidan da ya saya a Barking, wata unguwa a London, in riƙa ɗauko baƙinsa daga filin jirgi. Ya ce hutu ne. In mai kuɗi ya ce maka hutu ne, ka tambaye shi na wa.

Gidan irin na jere ne, kafaɗa da kafaɗa da na maƙwabta, siriri, in ka yi atishawa Baturen da ke gefe ya ji. Ƙasa falo biyu da kicin, sama ɗaki uku da banɗaki ɗaya. Ta falon baya ake fita wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, da tsohon masai a kusurwa. Baƙi ba sa yankewa. Duk wanda aka biya kuɗin kwangila sai ya ji jininsa na son a auna shi a London. Su zo su sayi agogo da takalmi da babban akwatin da za su zuba ƙananan akwatunan da suka saya, su kwana a kan kafet, su tafi, wasu su zo.

Ɗumin gidan ruwa ne ke kawo shi. Akwai tukunyar gas a kicin da ke dafa ruwa, a gefenta akwai ɗan injin da ke tura ruwan cikin bututu, ya zaga ɗaki-ɗaki, ya ratsa ta cikin wasu faffaɗan ƙarafa da ke manne da bango, ya dawo tukunya. Ni lagireto nake ce wa ƙarafan nan, don kusan aikinsu ɗaya da na mota, sai dai na mota inji yake sanyayawa, na gida mutum yake gasawa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ya ishe ni shekara guda. In sanyi ya shigo in murɗa, in ya fita in kashe.

A sanyi na biyu aka kawo Hajiya, mahaifiyar Alhaji. Yanar ido ta rufe mata duka idanun biyu, ba ta ganin komai sai inuwa, amma kunnenta da bakinta lafiya lau. An sa mata ranar aikin ido, wata Litinin, saura mako uku. Likitan ya ja mini kunne a gabanta, wani ɗalibi ɗan ƙasarmu yana fassara: kada ta kama tari. Ya ce ba a taɓa ido mutum yana tari, in ƙirjinta ya kama za a fasa aikin, kuma ba a san ranar da za a sake samun gado ba. Washegari Alhaji ya kira daga Kano. Wayar lokacin sai ka yi ihu kamar mai kiran fito daga ƙetaren kogi.

"Kana ji na? Tsohuwa amana ce a hannunka!"

"Ina ji, Alhaji."

"In aka fasa aikin nan, kai da ita jirgi ɗaya!"

"To, Alhaji."

Jirgin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, tsohuwar ta shekara huɗu ba ta ga abin da take sa wa bakinta ba, kuma tun a mota ta gaya mini wannan zuwan shi ne na farko kuma na ƙarshe.

Ta zo da 'yar ƙanwarta, wata bazawara mai shiru-shiru, ita ke yi mata girki da jagora. Ranar da suka sauka Hajiya ta kafa doka: sama na mata ne, kicin ma na mata ne. Namiji ba ya taka bene sai ni, ni ɗin ma sai na yi sallama sau uku daga ƙasa. Shi ke nan banɗaki ya tafi. Mu bakwai ne maza a lokacin, aka bar mu da masan fili da famfonsa guda, mai ruwa kamar reza. Manyan mutane, masu mota goma-goma a gida, ka gan su a tsugune suna alwala suna shan yaji kamar 'yan kaciya.

Babbansu wani dattijo ne da muke ce wa Malam. Kwangilar kwalbati yake yi, amma ya yi karatu, shi ke ja mana salla. Haƙora ya zo a yi masa, an cire tsofaffin ba a gama sababbin ba, saboda haka rabin hukuncinsa da ka yake yanke shi. Sai kuma wani Alhaji mai sayar da taya, wanda in bai yi magana ba to yana cin abinci.

Ni na gano famfon. Ina sharar ganye a filin nan sai na ga wani ɗan bakin tagulla ya leƙo daga bango, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin buta. Ba shi da abin murɗawa, sai kai mai kusurwa huɗu. Direba ba ya ganin abu mai kusurwa huɗu ya wuce. Na ɗauko sifana na kwance. Ruwa ya fito baƙi ƙirin kamar tsohon baƙin mai, da warin ƙarfe. Na bar shi ya zuba. Bokiti biyu, uku, ya fara washewa, sannan na tara hannu. Ɗumi! Ba zafin da ke sa mutum tsalle ba, ɗumi irin na ruwan da ake surka wa jariri.

Na kira Malam. Ya ɗiba a tafin hannu, ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana da dasashi.

"Launin fa, Malam?" in ji mai taya. "Kamar da ɗan ja-ja."

"Ruwan kududdufin garinku ya fi wannan haske ne?" Malam ya ce masa. "Ruwa ne. Ku yi alwala."

"Kai, Bature shege ne," in ji mai taya yana naɗe hannun riga. "Ka ga har famfon alwala ya yi, shi da ko gabas bai sani ba."

Na buga ƙusa a bango na rataye sifanar. Kowa ya zo ya kwance, ya cika butarsa, ya ɗaure. Wani ma ya ƙara da wankin safa. A kwanakin nan ba wanda ya kai ni daraja a gidan. Mai taya har hula ya ba ni.

Mun yi fiye da mako muna wannan shagali. Ranar Talata, saura kwana shida a yi aikin, Hajiya ta aiko a kira ni.

"Kai direba, wane ne ke fitsari a saman kaina?"

"Ba kowa a sama, Hajiya, sai rufi."

"To rufin ne ke yi. Duk lokacin salla sai ya yi. Ni makauniya ce, ba kurma ba."

Na tsaya na kasa kunne. Gaskiyarta, wani abu na tsiyaya a saman silin. Akwai 'yar ƙofa a silin ɗin, bisa kan bene, na kafa tsani na shiga da tocila. Ƙura da sanyi da tankuna biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin ne ke surutun. A cikinsa akwai ƙwallo a bakin sanda, irin na tankin masai. Na ɗaga sandar, ruwa ya tsaya. Na saki, ya ci gaba. Ni na taso ina jan guga a rijiya mai gaba ashirin, a wurina ruwan da ke zuba ba wanda ya buɗe shi ɓarna ce. Na laluba ban ga igiya ba, kuma ba zan sauka in sake hawa da wannan bayan nawa ba. Na zare zariyar wandona, na ɗaure sandar tamau a jikin katakon rufi, na sauko hannu ɗaya a tsani, ɗaya a ƙugu, tocila a baki. Hajiya ta sa mini albarka. Ta ce duk gidan ni kaɗai ne mai hankali.

Ban haɗa tankin nan da famfon alwala ba. Yanzu da nake faɗa kowa zai haɗa. A lokacin ɗaya na can ƙarƙashin rufi, ɗaya na can gindin bango, ban ga abin da ya gama su ba.

Ranar Alhamis da hantsi bazawarar ta leƙo daga saman bene.

"Baba direba, Hajiya ta ce ƙarfen ɗakinta ya mutu."

Na hau na taɓa. Samansa sanyi ƙalau kamar hancin kare, can ƙasa-ƙasa ne da ɗan sauran rai. Cikinsa kuma yana ƙugi kamar cikin wanda ya kwana da wake. Na duba sauran ɗakunan sama, duk haka suke. Na sauko, na ƙasa duk suna aiki, har ba a iya jingina da su.

Na yi abin da kowane direba zai yi in mota ta ƙi hawa tudu, na ƙara wuta. Na nemi izini na shiga kicin na murɗa abin tukunyar har ƙarshe. Kafin azahar falo ya koma gidan burodi. Alhazai suka tuɓe daga su sai singileti, suka buɗe taga, mutanen titi na wucewa cikin manyan kwat suna kallonsu. Sama kuwa ko gezau. Tukunyar kuma ta fara wani bugu a ciki, ƙwal, ƙwal, kamar injin da zai yi nokin. Na naɗe guduma da tsumma na bubbuga ɗan injin turawar, na bubbuga bututu, na hau na bubbuga lagireton Hajiya.

"Dukansa kake yi?" ta tambaya daga cikin bargo.

"Tashinsa nake, Hajiya."

"Haka ka tashi motar ɗana har bayanka ya karye?"

Na roƙe ta ta sauko falon gaba, in kwashe mazan in cusa su a na baya. Ta ce ita ba ta kwana inda ƙatti bakwai suka yi minshari, ko an wanke shi da sabulu. Ta ce in kawo mata kasko da gawayi a sa a ƙarƙashin gado kamar yadda mutanen kirki ke yi. Na ce gidan katako ne, ga kafet, za mu ƙone har da maƙwabta. Ta ce maƙwabtan ba danginta ba ne. Na kawo hitar lantarki, ta yi minti goma ta ce warin ƙonannen gashi take yi, tana busar mata da maƙogwaro, a fitar. Malam ya aiko a tambaya ko ya hau ya yi wa ƙarfen tofi. Ta ce ya tofa wa haƙoransa su fito.

Ranar Juma'a ta fara tari. Ba mai yawa ba ne, ɗan busasshe, amma duk sanda ta yi sai in ji shi a bayana. Na buga wa masu gyaran gas waya da ɗan Turancina na tasha. Wata mace ta yi ta magana, abin da na tsinta shi ne sai bayan sabuwar shekara. Na ce mata tsohuwa, ido, Litinin. Ta ce sorry. Turawa in suka ce maka sorry, an rufe ƙofa ke nan.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne da ya yi aiki a tashar jirgin ruwa, shi da karensa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ƙwanƙwasa masa na jawo shi da hannun riga. Ba zai hau sama ba saboda dokar Hajiya, sai ya zaro wani ɗan makulli kamar na agogon bango, ya nuna mini a lagireton falo: ka sa a kusurwar sama, ka murɗa kaɗan, iska ta fita, in ruwa ya biyo ka ɗaure. Ya ce iska ce ke tare hanya. Wannan na gane, ko a dizal haka ake yi.

Na hau da makulli da kofi. Na murɗa. Iska ta yi huci kaɗan, ta tsaya. Na tara kofi ina jira. Ba ruwa. Na kai yatsa bakin ramin sai na ji kamar ma tsotsa yake yi. Na yi kusan rabin awa a tsugune da kofi kamar mai tatsar busasshiyar akuya. Na sauko na gaya wa Baturen. Ya sosa ƙeya, ya nuna sama da yatsa, ya ce tanki.

Na ce masa tanki lafiya lau, ni da kaina na gyara shi ranar Talata.

Ya ce to shi ke nan, shi iyakar saninsa ke nan. Ya ja karensa ya tafi.

Asabar da sassafe na kama hanyar Deptford, jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas biyu. Can nake sayo wa gidan busasshen kifi da barkono, kuma a bakin rumfar mai kifin na san wani mutumin Kumasi, ɗan zango, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya yi shekaru a ɗakin injin jirgin ruwa, da ya gaji ya sauka yana gyaran bututu a gidajen mutane. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk shi ne, kuma kowa Masa yake ce masa. Na same shi yana cin doya a tsaye. Ya ce yana da aiki uku a ranar. Na gaya masa zancen idon da na tarin. Ya ajiye doyar.

"Tsohuwa shi ne yake tari?"

"Ita ce."

"Masa, ɗauki jakan nan. Mu tafi."

Da muka iso sai da na nema masa izinin hawa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe kai.

"Musulmi ne?"

"Musulmi ne, Hajiya."

"Na ina?"

"Kumasi."

"Mutanen goro. Ya hau. Amma ya cire takalmi."

Bai fara da sama ba. Kicin ya shiga, yana jin bugun tukunyar ya kashe ta nan take, ya juyo ya kalle ni kamar na zagi ubansa. Ya ce wa ya murɗa wannan har ƙarshe? Na ce ni. Ya ce Allah ya so ku. Sannan ya ɗora bakin sukudireba a jikin ɗan injin turawar, ya kai ƙotar kunnensa. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, amma rabin abin da yake niƙa iska ce. Ya bi bututu da tafin hannu kamar mai duba doki, daga kicin zuwa falo, daga falo zuwa bene, yana cewa nan da rai, nan da rai, nan ya mutu. Ya sa makulli a lagireton Hajiya, ya ji abin da na ji.

"Ba iska ba ne ya yi yawa, Masa. Ruwa ne babu."

Ya ɗaga kafet yana neman inda ke yoyo. Ya duba silin ɗin falo ko da tabo. Ya leƙa bayan kujeru, ya sa aka janye akwatunan Alhazai. Ko'ina a bushe.

"Ruwa ba shi da ƙafa," ya ce. "Wani ne ya sha shi."

Ana cikin haka azahar ta yi. Ya ce in ba shi buta. Ni kuwa na ce a raina bari in nuna wa baƙon nan cewa mu ma ba a banza muke zaune ba. Na ce ya biyo ni ya ga abin arziki. Muka fita filin baya. Ga Alhazai a layi, kowa da butarsa, mai taya a tsugune da sifana yana mita wai kwana biyu famfon nan ya zama marowaci, sai ɗiga yake.

Mutumin Kumasi ya tsaya. Ya dubi famfon, ya dubi ƙusar, ya dubi butoci shida. Sai ya nemi marfin kwandon shara ya zauna, ya kama ciki. Ya yi dariya har karen maƙwabci ya soma haushi.

"Lafiya, bawan Allah?" in ji Malam.

"Masa," ya ce da ni yana share hawaye, "kai direba ne ko? Ka taɓa kwance ƙasan lagireto ka yi alwala, ka hau mota ka kama hanya?"

Na taɓa yi sau ɗaya, kusa da Jebba, amma na mayar da ruwan a rafin gaba. Ban gaya masa ba. Tun kafin ya rufe baki na gane. Bakin tagullar nan na zubar da ruwan gidan ne in za a yi gyara. Jinin gidan muke ta ɗiba muna wanke ƙafa, ruwa na raguwa daga sama, kuma ɗakin Hajiya ne a sama.

"Amma duk da haka," ya ce, ya daina dariyar, "akwai ƙaramin tanki a rufi. Aikinsa ke nan, in ruwa ya ragu ya cika. Me ya hana shi?"

Ya ɗauki tsani. Na bi shi a baya. Ya shige ta 'yar ƙofar, na tsaya a ƙasa ina riƙe da tsanin, daidai ƙofar ɗakin Hajiya. Na ji motsinsa. Na ji shiru. Sai ga hannunsa ya leƙo yana lilo da zariya.

"Masa! Wandon wa?"

Da ƙarfi ya faɗa, irin muryar ɗakin inji. Har na ƙasa sun ji.

"Nawa ne," na ce.

"Direba," in ji Hajiya daga ciki, a hankali, "cewa na yi ka hana shi surutu. Ban ce ka shaƙe shi ba."

Yana kwance zariyar ruwa ya kama zuba a tankin da ƙarfi, duk bututun gidan suka ɗauki ƙugi. Ya ce surutun da Hajiya ke ji, tankin ne ke mayar da abin da muke sata, in mun daina shi ma zai daina. Muka bi lagireto ɗaya-ɗaya da makulli, daga ƙasa zuwa sama, shi yana murɗawa ni ina tara kofi. A falon gaba Malam ya matso ya duƙa yana duba aikin, cikin farar shadda da ya saya don ranar da za a sa masa haƙora. Lagireton ya yi huci, ya yi tari, ya feso baƙin ruwa tun daga wuyan rigar har aljihu.

Mai taya ya matso ya duba rigar da kyau.

"Malam, da wannan muka yi kwana goma sha biyu muna salla?"

Malam ya dubi ƙirjinsa. Ya motsa dasashi. Ya ce wancan da ya ɗanɗana ba haka yake ba.

"Tukunyarsu ɗaya," in ji mutumin Kumasi.

"To a rama," Malam ya ce, ya shige falon baya ya rufe ƙofa.

Aka kunna tukunya. Ɗakuna biyu na sama suka ɗauka. Na Hajiya, wanda ya fi nisa da kicin, ya ƙi. Ruwa ya cika shi, in ka murɗa makulli yana fitowa, amma sanyi ƙalau. Mutumin Kumasi ya ce iska ce ta maƙale a wani lanƙwasa a ƙarƙashin daɓe, inda makulli ba ya kaiwa. Ya ce ruwa malalaci ne, hanyar da ta fi kusa yake bi ya koma gida. Sai an toshe masa duk sauran hanyoyi, ya rasa inda za shi sai wurin tsohuwa, sannan zai ture iskar. Ya bi duk lagireton gidan ya ɗaure bakinsu, ya bar nata kaɗai.

Haka Alhazai suka wuni a falo cikin kwat da bargo, bakinsu na hayaƙi, ga ramuwar salla a gabansu da ruwan reza. Mai taya ya aiko a tambaye ni ko zan dawo masa da hularsa. Na aika masa.

Ni ina ɗakin Hajiya a zaune a ƙasa, hannuna a kan bututun da ke shiga lagireton. Mutumin Kumasi na kicin yana kunna injin yana kashewa, yana ƙara masa gudu. Rana ta fara faɗuwa, a can ƙarfe huɗu ma duhu ne. Hajiya ta yi tari mai ɗan tsawo, bazawarar ta ba ta ruwa. Da ya lafa sai ta kira ni, ba da muryar faɗa ba.

"Direba."

"Na'am, Hajiya."

"In suka fasa, kada ka tsaya roƙonsu. Ka kai ni gida kawai. Na san hanyar ɗakina da hannu."

Na ci gaba da riƙe bututun kamar mai jin jijiyar marar lafiya. Bayana na ciwo, ƙafata ta mutu. Can sai wani abu ya buga a ƙarƙashin daɓe, gum, har ƙarfen ya girgiza. Ya yi gurnani, ya yi gyatsa mai tsawo, sai na ji ɗumi ya taɓa mini yatsa. Na yi shiru don kada ya ji ya koma. Ya hau tafin hannu. Ya shiga gindin lagireton yana rarrafe sama a hankali.

"Hajiya, kawo hannunki."

Bazawarar ta kamo hannun ta ɗora. Tsohuwa ta shafa ƙarfen daga wannan gefe zuwa wancan.

"Hm," ta ce. "A ba mutumin goro abinci. Kai kuma ka tashi ka ba ni wuri."

Kafin ya tafi ya ɗaure bakin tagullar nan da duk ƙarfinsa, ya cire sifanata daga ƙusa ya jefa a jakarsa. Ya ce zai ba ni in sanyi ya wuce.

Lahadi muka rufe ta a ɗakin, ɗumi kamar cikin kwando, bazawarar na ta ɗura mata citta da kanumfari da zuma. Litinin na kai ta asibiti. A mota ta yi tari sau ɗaya, na yi kamar ban ji ba, ita ma ta yi kamar ba ita ba. Likitan ya ɗora abin saurarensa a bayanta, ya ce ta ja numfashi, ta sake, ta sake. Ya daɗe. Ina tsaye bakin labule ina kallon takalmansa. Sannan ya cire abin daga kunne ya yi wa nas magana, aka kawo keken turawa.

Ta yi kwana takwas a can. Ranar da na je ɗauko ta an buɗe ido ɗaya, an sa mata wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Na yi sallama. Ta juyo ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta sake dawowa sama.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ashe furfura gare ka. Ni duk uzurin da nake yi maka, na ɗauka yaro ne."

Na ce Allah ya ƙara lafiya, na ɗauki jakarta, muka nufi mota.